Littafin Hotuna ga Yaron da Bai Shiga Firamare Ba: Yadda Ake Zaɓa, Karantawa da Haɗawa a Legas

Ɗan Bahaushen da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 tun yana goye kunnensa ke shan harsuna. A ɗaki Hausa, a tsakar gida Yarbanci da Turancin buroka, a nazare Turanci, a Islamiyya Larabci. Yaro na iya ɗaukar waɗannan duka, kada wannan ya tayar wa kowa hankali. Abin lura shi ne, a cikinsu Hausa ce ba ta da malami sai mutanen gida, kuma Hausar da ake yi wa ƙaramin yaro a gida yawancinta umarni ce: zo, sauka, bari, cinye, kwanta. Yaron da bai taɓa ganin rijiya ba, ina zai ji kalmar guga? Wa zai ambata masa rumbu ko raƙumi ko jaki a gidan haya a Obalende? A nan littafin hotuna yake da amfani. Yana kawo abin magana, ku kuma ku yi maganar. Duk abin da ke ƙasa a kan wannan aka gina shi: hirar da ake yi a kan hoton ita ce aikin, ba haddar ABC ba.

Wane littafi, ga wane yaro

Jariri a watannin farko ba ya gani sosai sai abin da ke kusa da shi, kamar santimita 20 zuwa 30, wato tazarar fuskar uwa in tana shayarwa. Abin da ke jan idonsa shi ne baƙi da fari, da manyan siffofi, da fuskar mutum. Kati uku ko huɗu masu zane baƙi ƙirin a kan fari sun ishe shi, minti ɗaya ko biyu.

Daga wata 6 zuwa shekara ɗaya komai baki yake kaiwa, don haka littafin ma sai ya ɗanɗana shi. Ku ba shi na kwali mai kauri ko na yadi. Hoto ɗaya a shafi ɗaya: kofi, ƙwallo, ayaba, mage. Bayan hoton ya zama fili, babu tarkace. In ya ciji littafin ko ya buga shi a ƙasa, karatunsa ke nan a wannan lokacin, kada a ƙwace.

Tsakanin shekara 1 da 2 yaro ya fara nuni da yatsa yana neman sunan abu. Wannan ne lokacin da littafin sunaye ya fi cin kuɗinsa. Shafi 10 zuwa 14 na kwali, girman da hannunsa zai iya riƙewa, kamar santimita 15 kowane gefe. Zai riƙa buɗe shafi uku a haɗe, ya fara daga baya, ya riƙe littafin a juye. Ku bi shi a haka. Buɗe shafi ɗai-ɗai sai wajen shekara biyu ko bayanta yake zuwa.

Daga shekara 2 zuwa 3 a shigo da ɗan labari: jimla ɗaya ko biyu a shafi, da wata magana da ke ta dawowa har yaro ya riƙe ta ya riƙa riga ku faɗa. Labarin ya zama na abin da ya sani, wanka, cin abinci, zuwa kasuwa, haihuwar ƙani. Daga 3 zuwa 5 kuwa sai cikakken labari mai farko da matsala da warwara, a takarda ta gama-gari. Irin waɗannan yawanci shafi 24 ne ko 32, saboda a maɗaba'a babbar takarda ake naɗewa ta ba da shafi 8 ko 16.

Waɗannan shekarun ma'auni ne kawai. Ɗan shekara uku da ba a taɓa buɗe masa littafi ba, ku fara masa da na ɗan shekara ɗaya, cikin 'yan makonni zai wuce shi.

A gaban mai sayarwa

A Legas littattafan yara ba su da wuyar samu. Akwai kantin littattafai na CSS da ke unguwar CMS a tsibirin Legas, akwai masu baza gwanjon littattafai a Yaba da Ojuelegba, akwai manyan kantuna. Kusan duka da Turanci suke, na Hausa sai an dace ko an yi saƙo daga Kano ko Zariya ko Kaduna. Za mu zo kan wannan.

Kafin ku biya, ku rufe rubutun da tafin hannu ku bi hotunan kaɗai daga farko zuwa ƙarshe. In kun gane abin da ke faruwa, littafin ya ci jarrabawa. In ba ku gane ba, yaron ma ba zai gane ba. Wannan gwajin ya fi kyan bango da sunan kamfani muhimmanci. Littattafai da yawa da ake tallarsu a matsayin na yara, shafi ɗaya ɗauke yake da abubuwa ashirin, kowanne da sunansa da ƙananan haruffa. Na ɗan firamare ne, ɗan shekara biyu idonsa ba ya samun inda zai sauka.

Sannan ku duba lafiyar littafin. Ku shinshina shi: warin fumfuna alama ce ya sha danshi a sito, a bar shi komai arharsa. Ku ja duk abin da aka manna, idon roba, maɓalli, ƙyalƙyali, ɗan madubi. Abin da ya motsa a hannunku zai fita a bakin yaro. Ƙa'idar da ake bi wa kayan wasan yaran da ba su kai shekara 3 ba ita ce, duk abin da zai shige bututu mai faɗin kusan santimita 3 na iya shaƙe su. A gida ana gwadawa da kwalin tsakiyar takardar bayan gida: abin da ya wuce ta cikinsa bai dace ba. Littafin da ke kuka in an danna shi yana da ƙaramin batir mai kama da kwabo. In murfin batirin ba da sukuru aka ɗaure shi ba, kada ku saya. Yaro in ya haɗiye irin wannan batir yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa biyu, kuma magana ce ta garzayawa asibiti nan take, ba ta jira a gani ba. Na gwanjo mai kwali mai sheƙi ana goge shi da tsumma mai ɗan laima da sabulu kaɗan, a buɗe shi a tsaye ya sha iska.

Wasu iyayen ba sa sakin jiki da zanen abu mai rai. Wanda yake da wannan damuwa ya tambayi malaminsa, kuma ko ya tsaya a kan kayan gida, 'ya'yan itatuwa, motoci, launuka da ƙirga, akwai abin hira mai yawa.

Yadda ake zaman karatun

Ku ɗora yaron a cinya, bayansa a ƙirjinku, littafin a gabanku ku biyu. A kashe talabijin, a kife waya. Ɗan shekara ɗaya minti 2 zuwa 5 ya ishe shi, ɗan shekara uku zai iya kai 10 ko 15. Kullum kaɗan ya fi awa guda ranar Lahadi. Ku liƙa karatun da wani abu da ba ya tashi, kamar bayan wankan yamma ko bayan sallar isha'i. A garin da uba ke fita kasuwa da asuba ya dawo bayan ya sha cunkoson hanya, ba lallai ne shi ko uwar su kaɗai su yi ba. Yaya ɗan aji huɗu na iya yi, Goggo na iya yi, kuma Kaka da ba ta yi boko ba sau da yawa ta fi kowa iyawa, don ita hoton take kallo ta ba da labari, rubutun bai ɗaure mata harshe ba.

Ga tsarin da ke sa yaro magana. Ku yi tambaya, ku jira, ku karɓi abin da ya faɗa, ku ƙara masa kalma ɗaya ko biyu, sannan ku ba shi dama ya maimaita. Misali, an buɗe shafin akuya:

"Hanifa, mene ne wannan?"
"Meee."
"Haka ne, akuya ce. Baƙar akuya. Me take ci?"
"Ganye."
"Tana cin ganye. Ina kika ga akuya, ke da Abba?"

Jiran nan shi ne inda aka fi kuskure. Babba yakan yi tambaya ya amsa wa kansa kafin yaro ya haɗa kalmar a bakinsa. Ku ƙirga biyar a zuci kafin ku sake magana. Ga wanda bai fara magana ba, tambayar ta zama wadda yatsa zai amsa: "Ina mage? Nuna min mage." In ya nuna, ku ce "Ga ta!" da murna. Ga ɗan shekara huɗu kuma a wuce "mene ne wannan" a shiga "me ya sa yake kuka?" da "me kake jin zai faru in mun buɗe?" Tambayar da ta fi kowace daraja ita ce wadda ke haɗa hoton da rayuwarsa, kamar ta ƙarshe a misalin nan.

Kada zaman ya koma jarrabawa. Tambaya ɗaya ko biyu a shafi ta isa, wani shafin ma a wuce shi da labari kawai. In ya ce wa tunkiya akuya, ba a cewa "a'a, ba ka sani ba." Sai a ce, "Ta yi kama da akuya ko? Wannan tunkiya ce, dubi jelarta ta sauka ƙasa." In ya faɗi sunan da Turanci ko Yarbanci, a karɓa a ba shi na Hausa a kai: "Eh, haka Anti take cewa a makaranta. Mu a gida kifi muke cewa." Yaron da ake gwasalewa shiru yake koya.

Ku saki murya. Hausa na da kalmomin da yara ke mutuwar so: ya faɗa ruwa tsundum, ta tashi fir, ya faɗi tim, ja wur, fari fat, kore shar. Ku ja su, ku buga cinya, ku yi muryar tsoho da ta ɗan tsako. In labari ne, ku buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," ku koya masa ya amsa "Ta zo mu ji ta," ku rufe da "Ƙurunƙus." Da wannan yaro ke gane cewa littafi da tatsuniyar Kaka gida ɗaya suka fito.

Zai nemi littafi ɗaya yau, gobe, jibi, har ku gaji. Ku karanta masa. A maimaicin ne kalmomin ke zama, kuma ranar da kuka tsaya a tsakiyar jimla ya ƙarasa muku, za ku ga amfaninsa. In kuwa ya zame daga cinya ya tafi, ku ci gaba da karantawa a bayyane na ɗan lokaci, sau da yawa yakan dawo ya leƙa. In bai dawo ba a rufe, gobe ma rana ce. Duka ko tsawa a kan littafi ɓarna ce da ke daɗewa ba ta gyaru ba.

Littafin Turanci, bakin Hausa

Yaron da bai iya karatu ba bai san da wane harshe aka rubuta littafin ba. Don haka kowane littafin hotuna na iya zama na Hausa. Ku karanta shi ku kaɗai tukuna, ku fahimci labarin, sannan ku ba da shi da Hausarku ta yau da kullum kuna bin hotunan. Kada ku tsaya fassara kalma da kalma a gaban yaro, labarin zai yi ta tuntuɓe ya gundure shi. In mutane da yawa ke karanta masa, ku rubuta jimlar Hausar a 'yar takarda ku manna a ƙasan shafin, don kowa ya riƙa faɗin abu ɗaya, musamman jimlar da ke maimaituwa. Abin da babu shi a nan, kamar dusar ƙanƙara, a faɗe shi a sauƙaƙe a wuce.

Akwai kuma na Hausa kyauta a intanet. African Storybook, StoryWeaver da Bloom Library duk suna da labaran yara da Hausa, an jera su daga masu sauƙi zuwa masu wuya, kuma ana iya sauke su a buga. Ku zaɓi matakin farko. Ku karanta kafin ku buga, don wasu fassara ce kuma Hausar takan yi tauri, wasu kuma an bar ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa. Bugawa a takarda ya fi miƙa wa yaro waya. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2019 ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, ta kuma ƙarfafa karatu da ba da labari tare da mai reno.

Haɗa naku

A ganinmu littafin da ya fi kowanne aiki shi ne wanda yaro zai buɗe ya ga kofinsa, takalminsa da fuskar Ummansa. Ba ya cin kuɗi sosai, kuma babu kantin da ke sayar da shi.

Ku tsayar da jigo ɗaya. "Safiyar Sadiq": tashi, wanka, koko da ƙosai, sa takalmi, hawa keke. Ko "Mun je Mile 12": danfo mai ruwan ɗorawa, kwandon tumatir, buhun albasa, mai ɗaukar kaya. Ko kuma na garinku, wanda za a ɗauko hotunansa in an je Sallah: rumbu, rijiya, shanu, gidan Kaka, da Kawu da Inna kowa da sunan da yaro zai kira shi. Wannan na ƙarshen yana sa in an je gida yaro bai ɗauki danginsa baƙi ba.

A ɗauki hoto 10 zuwa 12 da waya, da rana, a inuwa mai haske, abu ɗaya a hoto, bayansa bango ko farin zani. Ku durƙusa daidai tsayin yaron ku ɗauka. Kowane hoto jimla ɗaya, kalma 2 zuwa 6: "Ga kofin Sadiq." "Sadiq yana shan koko." Girman harafi 28 zuwa 36, baƙi a kan fari, ba a kan hoton ba. Salon harafin Andika kyauta ne, don masu koyon karatu aka yi shi, kuma yana da ɓ, ɗ da ƙ. Ku mayar da aikin PDF kafin ku kai shagon bugawa. In ba haka ba, kwamfutar mai shagon na iya rasa salon harafin, haruffan nan masu lanƙwasa su fito akwati-akwati, shi kuma in ba Bahaushe ba ne ba zai lura ba. In ta WhatsApp za ku tura hotuna, ku tura su a matsayin fayil, don turawar da aka saba tana rage musu kyau. Hoton da zai cika shafin A5, wato rabin takardar A4, yana son kimanin fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 1750 a faɗi da 2480 a tsawo.

Ku nemi bugun lesa, wato na firintar da ke aiki da garin tawada. Tawadar ƙaramar firinta ta ruwa tana zuba da zarar yawu ya taɓa ta. Kwafi ɗaya ko biyu kowane shagon kwamfuta na unguwa zai yi. In makarantar Islamiyya ce ko ƙungiyar mata ke son kwafi da yawa, Shomolu ce unguwar maɗaba'a a Legas, kuma a nemi su buga gwaji ɗaya a duba kafin su saki sauran.

Na ɗan shekara 3 zuwa sama, takardar A4 uku a naɗe biyu suna ba da shafi 12 na A5. Inda ake rikicewa shi ne jerin shafukan. Takarda ta farko, fuska ɗaya 12 da 1, bayanta 2 da 11. Ta biyu, 10 da 3, bayanta 4 da 9. Ta uku, 8 da 5, bayanta 6 da 7. Kowane biyu in an haɗa su 13 suke bayarwa, da haka za ku gane ko an yi daidai. Takardar ciki ta kai nauyin giram 120 zuwa 160, don ta gama-gari mai 80 hoton baya na leƙowa kuma ba ta jure ja. Bango kati mai 250 ko 300. A huda rami uku a kan naɗin da basilla, ɗaya a tsakiya, biyu santimita 6 sama da ƙasa. A shiga da zare mai ƙarfi ta ramin tsakiya daga waje, a fita ta na sama, a tsallake tsakiya a shiga ta na ƙasa, a dawo ta tsakiya, a ƙulle a kan dogon zaren, a yanke saura gajere. Ɗinki ya fi ƙusar sitefila, wadda ke tsatsa a danshin Legas ta kuma buɗe ta soki yatsa.

Na ƙaramin yaro kuwa kwali ake so. A buga kowane shafi biyu masu fuskantar juna a takarda ɗaya, a naɗe ta hoton na ciki. A yanka kwali mai tsabta, irin na kwalin madara ko biskit, daidai girman shafin. Sai a manna bayan shafin dama na takarda ta farko a fuska ɗaya ta kwalin, bayan shafin hagu na takarda ta biyu a ɗaya fuskar, haka har ƙarshe. Farin gam na kafinta ake amfani da shi, a shafa siriri har gefe. In ya yi yawa takardar na tattarewa. Kada a sa sholisho saboda warinsa da gubarsa, kada kuma a dama sitaci ko fulawa, kyankyaso zai cinye littafin cikin dare. A sa leda tsakanin shafuka don kada su manne da juna, a danne da abu mai nauyi yini guda, da damina kwana biyu. Wanda ya buɗe shi da wuri zai ga kwalin ya lanƙwashe. Daga nan a zana kusurwoyin da murfin kwalba a yanke su su yi zagaye, a bi gefuna da faffaɗan salatif.

In laminatin za ku yi, a yanka hoton tukuna sannan a sa shi a ledar, a bar gefen leda milimita 3 zuwa 5 a manne. In aka yanka ta kan takardar bayan an gama, ruwa zai shiga ta nan ledar ta ɓare. Kusurwar laminatin tana yanka fata, dole a zagaye ta. Tela ma na iya ɗinka littafin yadi da ragowar atamfa, shafi huɗu ko shida masu santimita 20, a ɗinka siffofin a kai da kyau, ban da maɓalli da duwatsun ado.

Ajiya da gyara

Daga Afrilu zuwa Oktoba danshi ne babban abokin gabar takarda a Legas. Kada a jingina littattafai da bango ko a bar su a ƙasa, balle a unguwar da ruwa ke shiga ɗaki. Roba mai murfi a kan kujera ko kanta ta isa, a riƙa fito da su suna shan iska in rana ta fito. Kada a jefa ƙwayar kafur a ciki don korar kyankyaso. Yaro na iya ɗaukarta alewa, kuma tana fasa jinin yaran da ke da ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Nijeriya, har ta jawo ciwon shawara. Tsabta da murfi mai kamawa sun wadatar.

Ku bar uku ko huɗu a inda hannunsa zai kai, a ɗan kwando, bangonsu na kallonsa, sauran a ɓoye. Bayan mako biyu a musanya, tsohon sai ya dawo masa sabo. Gidaje huɗu ko biyar a layi ɗaya in kowa ya sayi uku suka riƙa karɓa-karɓa, kowane yaro ya samu goma sha wani abu. Shafin da ya yage a liƙe shi da salatif ta baya a gaban yaron, shi ya riƙe muku gefen, a nuna masa yadda ake kama kusurwar sama a buɗe a hankali. Mai yawan yaga takarda a mayar da shi kan na kwali, a ba shi tsohuwar jarida ya yaga son ransa.

Zaman littafi kuma yakan nuna abin da hidimar gida ke ɓoyewa. In yaro ya kai wata 18 ba ya nuni da yatsa, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko babu kalma ko ɗaya a bakinsa, ko ya cika shekara 2 kuma ya wuce bai fara haɗa kalma biyu ba, ko kullum sai ya manna littafin a fuskarsa kafin ya gani, kada a ce yawan harsunan Legas ne suka rikita shi. A kai shi cibiyar lafiya a faɗa wa ma'aikatan abin da aka lura da shi, a nemi a gwada jinsa da ganinsa.